Ƙurar Gilashin Baya da Batun Digiri 30

A hunturun da ya gabata mun yi tafiya daga Kano zuwa Katsina a motoci biyu, ni a ƙaramar motata mai tsayayyen baya, yayana kuma a tasa salun mai but, muka bi hanya ɗaya cikin hazo ɗaya, kusan da gudu ɗaya. Da muka isa muka ajiye motocin kafaɗa da kafaɗa a ƙofar gida, sai ga gilashin bayan tawa ya yi futu-futu da ƙura har yara sun soma rubuta sunayensu da yatsa a kansa, alhali nasa gilashin ƙura kaɗan ce ta hau shi, ana hango kujerun ciki sarai. Yaya ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Wai ita motar nan taka kiran ƙura take yi ne?" Na ce masa, "Yaya, janyo ta take yi, kuma abin da yake janyo ƙurar shi ne yake shan wani kaso na man da na zuba." Amsar da na ba shi a tsaye gajeriya ce, ga kuma doguwarta, domin magana ce da ta daɗe tana cin raina.

Yawancinmu idan aka ce mota tana fama da iska, gabanta muke hangowa, saboda shi ne yake tunkarar iskar, shi kuma ido yake gani yana keta ta. Amma injiniyoyin da suke auna waɗannan abubuwa sun daɗe da gane cewa muddin an zagaye kusurwoyin gaba yadda iska za ta zarce ba tare da tuntuɓe ba, to mafi yawan wahalar a baya take. Iska tana danna jikin mota ta kowane ɓangare. Tana danna gaba tana tura motar baya, tana kuma danna baya tana tura ta gaba, kuma da ƙarfin dannawar biyu zai zo daidai, da babu abin da zai rage sai 'yar gogayyar iska da fenti. Abin da yake faruwa shi ne matsin da ke bayan mota yakan gaza na gabanta, sai ta zama kamar wadda aka ɗaura wa igiya a baya ana ja. Wannan bambanci shi ne kaso mafi girma na turjiyar iska, kuma girmansa ya rataya ne a kan inda iskar ta saki jikin motar da kuma yadda ta sake shi.

Wanda ya fara bayyana dalilin wannan saki shi ne Ludwig Prandtl, a wani taron masana lissafi da aka yi a birnin Heidelberg na ƙasar Jamus a 1904. Ya nuna cewa iskar da ke taɓa jikin abu kai tsaye manne take da shi, ba ta zamewa, wadda ke samanta tana ɗan motsi, ta sama da ita ta fi ta sauri, har a kai ga iskar da ke tafiya da cikakken gudunta, kuma duk wannan yana faruwa ne cikin wata siririyar shimfiɗa. A kan mota, wannan shimfiɗa tana soma gogayya tun daga bonet, ta hau gilashin gaba, ta bi rufi, tana ƙara kauri tana rage ƙarfi. Idan ta iso ƙarshen rufi, jikin motar ya fara gangarawa, wuri ya buɗe wa iskar, sai saurinta ya ragu, matsinta kuma ya ƙaru, ke nan tana tafiya ne daga inda matsi yake kaɗan zuwa inda yake da yawa. Ido gangara yake gani, amma ita iskar hawan tudu take yi. Iskar da ke can sama tana da ƙarfin hawa, ita kuwa ta ƙasa da ta gaji tun daga gaba kamar mai tura baro ce da ya riga ya sha tafiya kafin ya iso gindin tudun: idan hawan mai sauƙi ne zai lallaɓa ya kai, idan kuwa ya yi tsayi da yawa zai tsaya cik, sannan baron ya soma dawowa da shi. Da zarar iskar ƙasa ta tsaya ta juyo, sai ta ɗage ta sama daga jikin motar, kuma wannan wurin shi ake kira wurin rabuwar iska.

Abin da yake biyo bayan rabuwar kowa ya san shi, ko da bai taɓa danganta shi da mota ba. Idan iska tana kaɗawa da ƙarfi, ledoji da busassun ganyaye a bayan katanga suke taruwa suna ta juyawa wuri ɗaya, haka ma karare da kumfa a bayan ginshiƙin gada lokacin da kogi ya kawo. Mota mai tsayayyen baya tana jan irin wannan hargitsattsiyar iska a bayanta duk inda ta nufa, kuma wani sashe nata baya yake komowa, yana kwaso ƙurar da tayoyi suka tayar yana shafa ta a gilashi. Dalilin da ya sa ake sanya wa irin waɗannan motoci waifa a baya ke nan, alhali mafi yawan salun ba su da ita.

Maganin da masu ƙira na farko suka hango shi ne a hana iskar rabuwa gaba ɗaya, a yi wa mota doguwar wutsiya mai tsukewa sannu a hankali kamar ta kifi. Paul Jaray, wanda ya yi aiki a kamfanin Zeppelin mai ƙera manyan jiragen balan-balan, ya ɗauko wannan tunani ya kawo shi kan mota a farkon shekarun 1920, kuma Tatra 77 ta 1934 a kan tsarinsa aka gina jikinta. Edmund Rumpler ya nuna tasa motar mai siffar ɗigon ruwa a Berlin a 1921, kuma da kamfanin Volkswagen ya gwada ɗaya daga cikin waɗanda suka rage a zauren gwajin iska a 1979, sai aka sami ma'aunin turjiyarta, wanda ake rubutawa Cd, ya tsaya a 0.28, adadin da motoci masu yawa na wancan lokacin ba su kai gare shi ba. Shi wannan ma'auni lamba ce da take nuna yadda siffar abu take wahalar da iska, ba tare da la'akari da girmansa ba, kuma ƙanƙantarta ita ce alheri. Matsalar doguwar wutsiya ita ce ba ta zaunuwa: kan fasinjan baya ba ya samun wuri, motar ta yi tsawon da ba a iya ajiye ta a cikin gari. A shekarun 1930 Wunibald Kamm a Stuttgart, da Reinhard von Koenig-Fachsenfeld wanda shi ma ya yi aiki a kan wannan tunani, suka nuna cewa ana iya soma tsuke jikin a hankali, sannan a datse wutsiyar farat ɗaya tun kafin iskar ta gaji. Abin da aka rasa kaɗan ne, domin iskar ta riga ta karkata ciki, fuskar da aka datse kuma ƙarama ce. Ni a ganina wannan shi ne tunani mafi kyau da aka taɓa kawowa a wannan fanni, saboda ya amince cewa iska za ta saki mota ko ana so ko ba a so, don haka gara mai ƙira ya zaɓa mata wurin da kansa.

Ana nan sai shekarun 1970 suka zo da ƙananan motoci masu ƙofa a baya, waɗanda gilashinsu yake gangarowa daga rufi ba tare da but ba. Lokacin da ake aikin Golf ta farko, wadda ta fito a 1974, injiniyoyin Volkswagen, Janssen da Wolf-Heinrich Hucho, sun ci karo da wani abu da ya saɓa wa zato. Hankali yana cewa idan tsayayyen baya yana da turjiya kaza, kwantaccen baya kuma yana da ƙasa da haka, to duk abin da ke tsakaninsu turjiyarsa ma tsakani za ta kasance. Gwaji ya ce ba haka ba ne, akwai wata kusurwar gangarar gilashi a tsakiya, wajen digiri 30 daga layin rufi zuwa ƙasa, wadda turjiyarta ta fi ta kowane ɓangare. A 1978 Thomas Morel na ɗakin binciken General Motors a Amurka ya sake tabbatar da abin da sassauƙan jiki, ciki har da mulmulallen sanda da aka yanke ƙarshensa a karkace, kamar yadda mai rake yake sara, yana sauya karkatar yankan yana aunawa.

Aikin da ya zama abin komawa ga kowa shi ne wanda S. R. Ahmed da abokan aikinsa Ramm da Faltin suka wallafa a 1984, daga cibiyar binciken jiragen sama ta Jamus. Sun cire duk abin da zai rikita awo, babu taya, babu madubi, babu inji, suka bar wani abu mai kama da akwati da aka zagaye gabansa, tsawonsa milimita 1,044, faɗinsa 389, tsayinsa 288, yana tsaye a kan ƙafafu huɗu milimita 50 daga ƙasa. A ƙarshen rufinsa akwai gangara mai tsawon milimita 222, kuma ita kaɗai suke sauyawa, daga digiri 0, wato rufin ya miƙe har ƙarshe, zuwa digiri 40, ana auna kusurwar daga layin rufi zuwa ƙasa. Suka hura masa iska mai gudun mita 60 a daƙiƙa, daidai da kilomita 216 a awa. A digiri 0 ma'aunin ya ba da 0.25. Da aka soma karkata gangarar sai ya sauka, ya kai mafi ƙanƙantarsa, wajen 0.23, a digiri 12.5. Daga nan ya juya ya soma hawa, a hankali da farko, sannan da sauri, har ya kai 0.378 a digiri 30, ƙarin da ya haura kashi 60 cikin 100 a kan mafi ƙanƙantar. Da aka gota digiri 30 kuwa sai ya faɗo tim zuwa wajen 0.26, ya zauna kusan a nan. Jiki ɗaya ne, girma ɗaya, iska ɗaya, 'yan digiri ne kawai suka sauya. Har yau masu rubuta manhajar kwamfuta ta lissafin tafiyar iska da wannan akwati suke gwada ingancin aikinsu, musamman a digiri 25 da 35, waɗanda aka sake aunawa dalla-dalla da hasken leza a jami'ar Erlangen ta Jamus.

Dalilin wannan hawa da faɗuwa shi ne abin da ya fi burge ni a cikin maganar duka. Ƙasa da digiri 12.5, iskar rufi tana bin gangarar lami lafiya har ƙarshenta, tana rage sauri, matsinta yana dawowa, fuskar da za ta saki kuma ta ragu, wato abin da Kamm yake nema. Idan aka wuce nan, iskar takan ɗan saki jiki a bakin rufi, ta yi wani ɗan ƙaramin kumburi, sannan ta sake kamawa kafin ta kai ƙarshen gangarar. Abin da yake dawo da ita shi ne wasu guguwoyi biyu da suke tasowa daga gefunan gangarar, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Matsin da ke kan gangarar ya gaza na gefen mota, don haka iskar gefe takan tsallako kan kaifin ginshiƙin baya ta naɗe kanta kamar tabarma, ta miƙe baya tana juyi, irin guguwar da ake gani wani lokaci a ƙarshen fiffiken jirgin sama. Waɗannan guguwoyi suna danno iskar tsakiya ƙasa, suna tilasta mata bin gilashin ko da ƙarfinta bai kai ba. Mai kallo zai ce ai an yi nasara, tunda iska ba ta rabu ba, gilashi kuma yana nan tsaf. Amma cibiyar guguwa wuri ne mai ƙarancin matsi ƙwarai, kuma tana kwance ne a kan fuskar da take kallon sama da baya a lokaci guda, saboda haka tana tsotsar motar baya, tana kuma tsotsar ta sama. Ƙarfin da ake kashewa wajen juya waɗannan guguwoyi daga injin yake fitowa. Duk ƙarin digiri yana ƙara musu ƙarfi, kumburin bakin rufi kuma yana ƙara tsawo, har a kai inda ya cinye gangarar duka, iskar ta rasa wurin sake kamawa. A nan ne tsarin yake rushewa baki ɗaya: iska ta saki tun daga bakin rufi, guguwoyin su yi rauni, bayan motar duka ya nutse cikin hargitsattsiyar iska guda ɗaya, matsin kan gilashi ya ɗan dawo, turjiya ta sauka. Motata a wannan ɓangaren take, ta sayi sauƙin turjiya da ƙurar gilashi.

Ban so maganar ta tsaya a takarda ba, don haka bayan mun dawo na nemi zaren saƙa ja da salatif, na yanka zaren gunduwa-gunduwa, kowanne kamar tsawon yatsa, na manna su layi-layi daga tsakiyar rufi har ƙasan gilashin baya, na motata da na Yaya. Da sassafe muka fita wata miƙaƙƙiyar hanya da ba ta da cunkoso, ana tuƙa mota ɗaya a gaba, ɗayar tana biye da tazara, ƙanenmu yana kujerar fasinja yana ɗauka da waya. Da na zauna na kalli hoton a hankali, zarurrukan rufin motata kwance suke lif kamar gashin da aka taje, babu mai motsi. Daga layin farko na kan gilashi kuwa labari ya sauya, suna ta rawa kowanne da alƙiblarsa, wasu na ƙasa ma sun miƙe suna nuna sama, wajen rufi, alamar iskar wurin daga ƙasa take hawowa, daga inda ƙurar taya take. A motar Yaya na gefe-gefen gilashi sun kwanta a karkace suna nuni ciki da ƙasa, sawun guguwoyin nan biyu, na sama sun bi gilashi, sai 'yan tsakiya na kusa da murfin but ne suke kaɗawa. Na nuna masa, ya daɗe yana maimaita hoton, sannan ya ce, "Ashe iska ma tana da hanyarta." Wanda duk yake da mota da ɗan zare zai iya ganin wannan da idonsa, da sharaɗin mai tuƙi ya bar wa wani riƙon waya.

Tsotsar da take ɗaga mota sama ita ce ɓangaren da ya shafi rai. Bayan da aka mulmula shi sumul, babu wani kaifi, yana da daɗin kallo, amma iska takan bi lanƙwasar tana ƙara sauri, matsi ya ragu a kan tayoyin baya, kuma wurin rabuwar ba shi da mazauni, yana matsawa gaba da baya gwargwadon gudu da iskar gefe. Audi TT ta farko, wadda ta fito a 1998, tana da irin wannan baya, kuma bayan haɗurran da aka samu a gudu mai tsanani, kamfanin ya kira motocin daga ƙarshen 1999, ya gyara ƙafafunsu, ya ƙara na'urar daidaita tafiya, ya kuma dasa ɗan leɓe a kan murfin baya. Tun kafin nan, a 1972, Porsche ta yi wa 911 Carrera RS 2.7 abin da Jamusawa suka kira wutsiyar agwagwa, domin rage ɗagawar baya, kuma hakan bai rage mata gudu ba. Aikin irin wannan leɓe shi ne ya tare iskar kaɗan don matsi ya ƙaru a gabansa, ya kuma ba ta kaifi guda tabbatacce da za ta saki jiki a kansa kowane lokaci. Wannan ya sa nake jin takaicin manyan fikafikan da ake sayowa a kasuwa a ɗaura wa but don ado, ba tare da an san inda iskar motar take bi ba. Idan fiffiken ya faɗa cikin iskar da ta riga ta rabu, nauyi ne kawai da hujin da aka yi wa murfi, idan kuma ya leƙa cikin iska mai gudu da karkatar da ba ta dace ba, turjiya ya ƙara.

Sai dai ina ganin kuskure ne a ɗauki 12.5 da 30 kamar lambobin da aka saukar wa kowace mota. Lambobin akwatin Ahmed ne, mai kaifafan gefuna, mai gangara ɗaya miƙaƙƙiya, marar taya. Idan aka zagaye bakin rufi, iska takan jure karkata fiye da haka, idan aka sauya faɗin gangarar a kan tsawonta guguwoyin gefe sukan sauya ƙarfi, iskar da ke fitowa daga ƙarƙashin mota ita ma tana da ta cewa, haka kuma tsukewar gefuna. A salun ma kusurwar gilashi ita kaɗai ba ta isa ba, abin da ake dubawa shi ne layin da zai tashi daga ƙarshen rufi ya sauka a bakin murfin but, domin iska tana iya sakin gilashi ta tsallake kwanar ta sake sauka a kan murfin, muddin yana da tsawo da tudun da za ta same shi. Dalilin da ya sa but ɗin motocin zamani ya yi tudu ke nan, tun daga irin su Audi 100 ta 1982 da ta kai 0.30. Abin da ya tabbata daga gwajin shi ne siffar labarin: akwai yankin gangara mai sauƙi da yake da riba, akwai yankin tsayayyen baya da yake da dama-dama, akwai kuma wani yanki a tsakani da ya fi kowanne tsada, kuma iyakarsa ta sama gaɓa ce mai faɗawa farat ɗaya. Toyota Prius ta 2003 ta zaɓi yanki na farko, rufinta yana saukowa sannu sannu sannan a datse shi, ta sami 0.26. Masu ƙera motoci masu tsayayyen baya sun zaɓi na biyu, amma suna ɗan ciyo riba daga na farko ta hanyar miƙa rufi da ɗan leɓe mai karkata kaɗan a saman gilashi, da wasu ƙananan kaifafa a gefen fitilun baya waɗanda mutane da yawa suke ɗauka ado ne.

Domin a ga nauyin abin a aljihu, a ɗauki mota mai ma'auni 0.30 da faɗin fuska murabba'in mita 2.2. A gudun kilomita 100 a awa, iska tana riƙe ta da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 31, kuma injin yana kashe kimanin kilowat 8.5 a kan wannan kaɗai. A kilomita 120 ƙarfin ya kai na kilo 45, ya kusa buhun siminti, abin da ake kashewa kuma ya doshi kilowat 15, saboda turjiya tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa, ƙarfin injin da take ci kuma ya fi haka saurin hawa. A cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa, wannan duka ba ya taka kara ya karya, amma a doguwar hanya shi ne babban abin da mai yake tafiya a kansa. Motocin lantarki sun sake ɗaga darajar maganar, domin kowane ɗan ragi nisan tafiya ne a caji ɗaya, shi ya sa Mercedes EQS ta 2021 ta fito da baya mai doguwar gangara da ma'auni 0.20.

Akwai wani wuri da wannan magana ta same mu kai tsaye, wato motocin haya da ake lodawa har but ya ƙi rufuwa, a ɗaure murfin da igiya a kan buhuna a kama hanya. Asarar mai ita ce ƙaramar matsala a nan. Iskar da take komowa ta shafa ƙura a gilashi ita ce dai take kwaso hayaƙin salansa, kuma idan ƙofar baya a buɗe take babu abin da zai tare shi, cikin motar zai shiga, tare da iskar kabon monoksaid da ba ta da wari, wadda take kawo ciwon kai da gyangyaɗi. Littattafan da kamfanoni suke bayarwa tare da mota suna gargaɗi a kan tafiya da ƙofar baya a buɗe, kuma da yawansu suna cewa idan ya zama dole, a kunna fanka da ƙarfi tana shigo da iskar waje. Kwanakin baya na shiga irin wannan mota daga tasha, ina kujerar baya, kusa da wata baiwar Allah da ɗanta a cinya. Ba mu yi nisa ba warin hayaƙi ya cika wurin. Na ce, "Malam direba, don Allah a kunna mana fanka ta jawo iskar waje, hayaƙi yana shigowa ta baya." Ya ce, "Alhaji, ai hayaƙi baya yake tafiya, mu kuma gaba muke yi." Na ce masa ya dubi madubi. A ƙarshen kayan an ɗaura wani jan ƙyalle don masu biyowa su gani, kuma maimakon ya miƙe baya yadda direban yake zato, sai ya riƙa lanƙwasowa yana kaɗawa wajen kawunanmu. Ya duba sau biyu, ya miƙa hannu ya murɗa fankar har ƙarshe, ƙyallen kuwa bai daina nuno cikin motar ba har muka sauka.